Idonsa ya yi rawaya, gwaji kuma bai nuna komai ba: shawarar da ba a gano sanadinta ba

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana ne, shekararsa 34, yau mako uku ke nan idonsa ya yi rawaya. Da farko zazzaɓi ne da kasala da rashin cin abinci, daga baya fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Mun je asibiti an yi gwajin maleriya da taifot da ciwon hanta nau'in B da C, duk aka ce babu. Likitan ya ce shawara ce amma ba su gano abin da ya kawo ta ba, ya rubuta wasu gwaje-gwajen, ya ce mu dawo bayan mako guda. A gida kuma Hajiyarsu ta ce shawara ba ciwon asibiti ba ce, ta kawo jiƙon rawaya da wani gari, ta ce kada a kuskura a yi masa allura. Ni dai na rikice. Ta yaya za a ce mutum yana da ciwo amma ba a san sanadinsa ba? Mu ci gaba da asibitin ko mu koma na gida?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma sannu da jinya. Idan na fahimce ki, abu biyu ke damun ki: me likita yake nufi da ya ce ba a gano sanadin ba, sannan wace hanya za ku bi tsakanin asibiti da abin da Hajiya ta kawo. Amsar ta biyu tana cikin ta farko, don haka daga can zan fara. Ban ga maigidanki ba, ban taɓa cikinsa ba, ban kuma ga takardun gwajinsa ba, saboda haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitan da ke duba shi ba. Fatana shi ne ki koma wurinsa kina sane da abin da ake nema.

Shawara alama ce

A bakin mutanenmu shawara ciwo ce guda, mai suna guda da magani guda. A jikin mutum kuwa ba haka take ba. Rawayar ido kamar zazzaɓi ce ko tari: jiki ne yake sanar da cewa wani abu ya samu matsala, kuma abubuwan da za su iya jawo ta sun fi a ƙirga da yatsun hannu. Ruwa ba ya tsami banza. Da likita ya ce "shawara ce amma ba mu gano sanadinta ba", ya ga alamar da idonsa, bai kai ga abin da ke bayanta ba tukuna.

Launin kansa daga jini yake fitowa. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, daga nan saifa ta farfasa waɗanda suka tsufa. Daga wannan farfasawar ake samun wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin. Jini ya kai shi hanta, hanta ta sarrafa shi yadda zai narke a ruwa, ta zuba shi cikin maɗaci, maɗacin ya bi ta wasu siraran bututu zuwa matsarmama da hanji. Shi ne yake ba bahaya launin da muka sani. A jikin mai lafiya bilirubin ba ya wuce kamar 1.2 a ma'aunin miligiram, wato wajen 20 a ɗaya ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke rubutawa. Sai ya ninka haka sau biyu zuwa uku kafin a gan shi a farin ido.

Ki ɗauki hanta kamar injin niƙa. Hatsi zai iya taruwa a gidan niƙa saboda an kawo fiye da ƙarfin injin, ko saboda injin ya samu matsala, ko kuma bakin da gari ke fita ya toshe. Haka shawara take: ko jini ne ke farfashewa da yawa, ko hantar ce ta kumbura ta gaza, ko bututun maɗaci ne ya toshe. Aikin farko na likita shi ne ya gane wanne ne cikin ukun, tun kafin ya kai ga sunan cutar. Gwaje-gwajen da aka rubuta muku a karo na biyu, ina kyautata zaton wannan ne aikinsu.

A takardar gwajin aikin hanta za ki ga an raba bilirubin gida biyu, wanda hanta ta riga ta sarrafa da wanda ba ta sarrafa ba. Idan na biyun ne kaɗai ya hau, hankali ya koma kan jini. Za ki ga ALT da AST, waɗanda ke tashi idan ƙwayoyin hanta suna mutuwa. A mai lafiya ba sa wuce wajen 40, a mai sabon ciwon hanta kuwa suna iya haura 1,000. Za ki ga ALP, wanda ke tashi sosai idan toshewa ce. Sai gwajin daskarewar jini da ake kira INR, wanda ni a wurina ya fi duk sauran muhimmanci, domin hanta ce ke haɗa sinadaran da ke tsayar da zubar jini, kuma shi ne ke faɗa mana ko hantar tana ci gaba da aikinta ko ta fara sarewa. Idan ba a yi masa wannan ba, ki roƙa a yi.

Yadda kika ba da labarin, zazzaɓi da kasala da ƙin abinci sannan fitsari ya yi duhu ido ya biyo baya, ya fi kama da kumburin hanta. Amma kama ce kawai. Wanda jininsa ke farfashewa da ƙarfi shi ma fitsarinsa yana yin baƙi.

Abin da "babu" take nufi a takardar gwaji

Nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna da asibiti, kuma ina fahimtar dalili. An biya kuɗi, an ɗebi jini, an dawo an ce babu, ga mutum kuma yana kwance. To amma kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa. An tambayi jininsa abu huɗu, ya amsa huɗu.

An fara da nau'in B da C ne domin suna da yawa a cikinmu kuma gwajinsu yana da sauƙin samu. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Sai dai ɗan tsinken gwajin nan na gaggawa yana da iyaka. A nau'in C, abin da yake nema shi ne martanin garkuwar jiki, wanda kan ɗauki makonni kafin ya bayyana, don haka sabon kamu zai iya fitowa da "babu". A nau'in B ma akwai ɗan lokacin da alamar da tsinken ke nema ta ɓace, sai an yi wani gwajin daban kafin a gane cewa cutar ce ta shigo kwanan nan.

Sannan akwai nau'in A da E, waɗanda ba a gwada shi a kansu ba, kuma ƙananan asibitoci da yawa ba su da kayan gwajinsu. Su ta ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata ake ɗaukarsu. Nau'in A yawancinmu mun yi shi tun muna yara ba tare da an sani ba, shi ya sa a babban mutum na fi zargin E. A 2017 nau'in E ya ɓarke a yankin Diffa na Nijar da kuma Ngala a jihar Borno, galibi a wuraren da 'yan gudun hijira suka taru ruwa ya yi ƙaranci, kafin nan kuma an yi fama da shi a Am Timan ta Chadi. Yana ɗaukar mako biyu zuwa goma kafin ya nuna kansa. Don haka ki tuna: ina maigida ya je a watanni biyun da suka wuce? Ruwan ina kuke sha, na rijiya, na 'yan garuwa ko na leda? Akwai wani a unguwa ko wurin aikinsa da idonsa ya yi rawaya?

Akwai kuma zazzaɓin shawara, wanda sauro ke yaɗawa, wanda sunansa ke sa ana rikita shi da shawarar kanta. Ya sake dawowa Najeriya a 2017 daga jihar Kwara, a 2019 kuma ya ɓulla a Alkaleri ta jihar Bauchi. A ƙa'idar hukumomin lafiya, duk wanda ya yi zazzaɓi sannan idonsa ya yi rawaya cikin kwana 14, ya kamata a yi zarginsa a aika jininsa babban ɗakin gwaji. Ki tambayi likitan ko an duba wannan, ki kuma gaya masa ko maigida ya taɓa yin allurar rigakafinsa, wadda sau ɗaya ake yin ta ta isa har abada. Zazzaɓin Lassa da wata cuta da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya shiga su ma suna cikin lissafi, musamman ga manomin fadama ko mai aiki cikin kwata.

Magani, na asibiti da na gida

A nan zan daɗe, domin a cikin waɗanda suka zo hannuna da shawarar da aka rasa sanadinta, ba ƙaramin kaso ba ne a ƙarshe muka gano cewa wani abu ne da suka sha. Hanta ce matatar duk abin da ya shiga ciki, ita ce kuma ke fara cin wuya.

Magungunan tarin fuka suna kan gaba, uku daga cikin huɗun da ake farawa da su suna iya taɓa hanta. Akwai wasu magungunan farfaɗiya, da wasu na cuta mai karya garkuwar jiki, da wasu na kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba tare da takarda ba. Irin Augmentin, alal misali, yana iya kawo shawara makonni bayan an gama shan sa, lokacin da mutum ya riga ya manta da shi. Farasitamol kuwa, iyakar babban mutum mai lafiya giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500. Mai zazzaɓi zai sha Panadol, ya sha maganin mura, ya ƙara da haɗin da mai kemis ya ƙulla masa a leda, bai san duk ukun suna ɗauke da farasitamol ba. Sai kuma abin da maza ba sa son faɗa a gaban iyali: maganin ƙarfin maza, maganin basir na gora, ƙwayoyin ƙara ƙiba ko gina jiki, da giya ga mai sha.

Na taɓa jinyar wani ɗan kasuwa, shekarunsa kusan na maigidanki, wanda muka yi kwana goma muna juya gwaje-gwajensa ba mu ga komai ba. Sau biyu na tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a'a. Laifina ne, domin a gaban matarsa da ƙaninsa na yi tambayar, kuma kalmar "magani" na yi amfani da ita, shi kuwa a wurinsa magani shi ne ƙwayar asibiti. Ranar da na same shi shi kaɗai na ce, "Akwai wani jiƙo ko tsimi da kake sha?", sai ya ce wata biyu ke nan yana shan wani haɗi na basir safe da yamma, har a gadon asibitin ana kawo masa. Aka daina, cikin mako biyu lambobinsa suka fara sauka. Tun daga ranar na canza yadda nake wannan tambayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki tattara duk wani kwali, kwalba, gora, ƙulli da garin da ya shiga bakinsa cikin wata uku, ki zuba a leda ki kai wa likita. Ki kuma ba su wuri su yi magana su biyu, kada ki ji komai a ranki.

Babu gwajin jini guda da zai ce "magani ne ya jawo". Ana gane shi ne ta hanyar tarihi, da kawar da sauran dalilai, da ganin sauƙi bayan an daina. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake roƙon kada a fara jiƙon yanzu. Idan an fara kuma jikin ya tsananta, ba wanda zai iya rabe ciwon asali da aikin jiƙon.

Abinci ma yana da nasa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin. A hankali take cin hanta har ta kai ga daji, musamman ga mai nau'in B, amma idan ta yi yawa tana kawo shawara farat ɗaya. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu.

Idan daga jini ne

Maleriya mai tsanani tana farfasa jini, kuma gwaji ɗaya da aka yi bayan mutum ya riga ya sha maganinta ba ya kore ta gaba ɗaya. Sikila ma haka, kuma akwai masu nau'in SC da ke kaiwa shekara talatin ba su san suna da ita ba. Akwai wani rashi na gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a cikin mazan Afirka ta Yamma. Mai shi lafiyarsa lau sai ranar da ya haɗu da abin da jininsa ba ya so, kamar wasu magungunan maleriya, ko masu sinadarin salfa irin Septrin, ko kafur ɗin da ake sa wa a cikin kaya. Ba da daɗewa ba jini ya farfashe, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari fat. Wani abin lura shi ne, idan aka gwada shi a tsakiyar ciwon sakamakon yana iya fitowa lafiya, domin ƙwayoyin da suka fi rauni sun riga sun mutu. Sai an maimaita bayan kamar wata uku.

Akwai kuma wadda ba ciwo ba ce sam. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa mini, shekara uku a jere idonsa na yin rawaya a tsakiyar watan azumi, ya washe bayan Sallah. An sha ba shi jiƙo, an hana shi nama da mai, har an fara maganar fasa aurensa. Gwajinsa duka lafiya in ban da bilirubin ɗin da hanta ba ta sarrafa ba, wanda ya ɗan hau. Wannan shi ne yanayin Gilbert, da sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1901. Gado ne, yana samun kusan mutum biyar cikin ɗari, yana fitowa lokacin yunwa ko gajiya ko zazzaɓi, ba ya lalata hanta, ba ya bukatar magani, masu shi kuma suna azuminsu. Ba na zaton shi ne na maigidanki, domin ba ya sa fitsari ya yi duhu. Na kawo shi ne don ki ga faɗin abin da kalmar shawara ta ƙunsa.

Idan toshewa ce

Alamarta ita ce bahaya ya koma fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin jiki mai hana barci. Ki tambaye shi launin bahayansa, tambaya ce mai nauyi a baki amma tana da amfani ƙwarai. A mai shekarunsa tsakuwar matsarmama ce ta fi yawa, kuma takan zo da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A dattijo kuwa, shawarar da ta zo shiru babu ciwo, ga rama, ita ce ke tayar mini da hankali, domin sau da yawa ƙari ne ya danne bututun. Hoton ciki na sikanin shi ne matakin farko, ba shi da tsada sosai, ba ya ciwo. Duk mai shawarar da ta kai mako uku ya kamata a ce an yi masa. Toshewa ba ta buɗewa da abin sha, ko na asibiti ko na gida, sai an shiga an buɗe ta.

Idan an gama duk wannan ba a gani ba

Yana faruwa, kuma gara in faɗa miki gaskiya. A nan ake tura mutum wurin ƙwararren likitan hanta da hanji, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa na Yamai ga waɗanda ke Nijar. Su za su nemi cututtukan da ba a cika gani ba: wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi hanta, wadda ke jin magani sosai idan an gano ta da wuri, da cutar Wilson da ke tara sinadarin tagulla a jikin matasa. Wani lokaci sai an tsakuro ɗan ƙanƙanin naman hanta da allura an duba.

Ilimin likitanci kansa ta wannan hanyar ya bi. Sai a 1965 wani likita mai bincike, Baruch Blumberg, ya gano alamar nau'in B a jini. Bayan haka likitoci suka shafe shekaru suna ganin masu ciwon hanta bayan ƙarin jini waɗanda ba A ba ne ba kuma B ba, har sunan da suka ba cutar ke nan, "ba A ba, ba B ba", sai a 1989 aka gano nau'in C. Yau ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Ko a 2022, yara sama da 1,000 a ƙasashe 35 sun kamu da wani ciwon hanta da aka fara lura da shi a Sikotland, manyan ɗakunan gwajin duniya suka yi watanni suna nema kafin su fara samun bakin zaren. Likitan da ya ce muku bai gano ba tukuna ya faɗi gaskiya, kuma na fi amincewa da shi a kan wanda zai kalli ido kawai ya ba da suna da magani.

Rashin sanin sunan cutar kuma ba ya hana jinya. Ana bin lambobin nan duk bayan 'yan kwanaki a ga inda suka dosa, ana kula da sukarin jini domin hanta mai ciwo ba ta iya riƙe shi, ana ƙarin ruwa idan amai ya hana ci, ana janye duk abin da zai ƙara mata nauyi. Hanta tana da baiwar sake gina kanta fiye da kowace gaɓa a cikin mutum. Da yawa daga masu irin wannan shawarar suna warkewa sarai cikin mako huɗu zuwa takwas, wasu ma har a sallame su ba a san takamaiman abin da ya kawo ta ba. Ido shi ne ke warkewa a ƙarshe, yakan ɗauki makonni bayan jiki ya samu sauƙi, don haka dawowar cin abinci da washewar fitsari sun fi launin ido faɗin gaskiya. Idan za ki duba idon, ki duba a hasken rana.

Maganar Hajiya

Hajiya ɗanta take so, kuma abin da ta faɗa yana da tushe a abin da ta gani a rayuwarta. Ta ga an ba masu shawara jiƙon rawaya sun tashi. Gaskiya ne sun tashi, domin nau'in A da E da kansu suke warkewa a mafi yawan mutane, ko an sha jiƙo ko ba a sha ba. Waɗanda tasu toshewa ce ko hanta mai sarewa, aka tsaya jiƙo wata biyu, su ne muke karɓa a ƙarshe lokacin da abin yi ya ragu. Saiwar rawaya an daɗe ana amfani da ita, masu bincike ma sun yi aiki a kanta, amma ba a tabbatar a jikin mutane cewa tana warkar da shawara ba, babu kuma ma'aunin da za a ce wannan ne daidai ga hanta mai ciwo. Garin nan da ba a san haɗinsa ba ya fi damuna. Irin waɗanda ake bayarwa don a yi ta gudawa da amai "a fitar da shawarar" suna ƙarar da ruwan jiki, su jawo ƙoda cikin matsalar.

Tsoron allura ma akwai inda ya samo asali. A da ana amfani da sirinji ɗaya ga mutane da yawa, kuma ta nan ciwon hanta ya yaɗu. Mai shawarar da jininsa ba ya daskarewa, allurar ɗuwawu tana iya tara masa jini, shi ya sa mu ma muke guje mata mu bi ta jijiya. Sannan sau da yawa sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kai shi asibiti, a yi masa allura ya cika, a ce allurar ce. Abin da ya dace a guje wa shi ne allurar kemis da ta mai bi gida-gida, da ƙaho da tsaga. Ɗibar jini don gwaji, da ƙarin ruwa, da allurar da likitan da ya san yana da shawara ya rubuta, ba sa cikin wannan.

Kada ki yi jayayya da ita ke kaɗai, matsayinki ba zai ba ki dama ba. Ki sa maigida ko babban wansa ya roƙe ta ta raka ku asibiti ranar komawa, ta ji daga bakin likita. Na sha zama da iyaye mata irinta, idan aka girmama su aka yi musu bayani, su ne ke zama masu tsaron maganin. A ba ta abin da za ta riƙe: kunu, fate, romo, 'ya'yan itace, da addu'a. Raken da ake ba masu shawara ba laifi idan an wanke shi kuma ba shi da ciwon suga. Hana shi nama da mai gaba ɗaya ba shi da amfani, hanta tana bukatar abinci mai gina jiki don ta farfaɗo. Ya ci abin da ransa ya karɓa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ya fi ƙarfafa na safe domin tashin zuciya ya fi yawa da yamma.

Abin da ba ya jiran mako guda

An ce ku dawo bayan mako, amma akwai alamun da idan kin ga ɗaya, ko tsakar dare ne ku tafi. Mafi girma ita ce canjin hankali: ya riƙa barci da rana yana farke da dare, ya rikita sunaye, ya yi faɗan da ba halinsa ba, ko hannunsa ya riƙa karkarwa idan ya miƙe shi. A gida za a iya cewa iska ce ko sammu, alhali guba ce da hanta ta kasa tacewa ta hau kai, kuma sa'o'i suna da muhimmanci. Haka zubar jini daga dasashi ko hanci, aman jini, baƙin bahaya kamar kwalta, kumburin ciki ko ƙafa, raguwar fitsari, aman da ya hana ruwa zama, ko zazzaɓi mai rawar ɗari tare da ciwon gefen dama.

Ke ma akwai naki. Idan kina da juna biyu ki gaya wa likita yau, domin nau'in E da ke wuce wa namiji da sauƙi yana kashe har kusan ɗaya cikin huɗu na matan da ya kama a watannin ƙarshe na ciki. Kafin a san ko mene ne, ku tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan bayi da kafin girki, kada a haɗa reza, abin yankan farce ko burushi da shi. Ba sai an ware masa kwano ko an ƙaurace masa ba. Ki yi gwajin nau'in B, idan babu ki karɓi rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara tun 2004, don haka ki duba katin yaranku ki tabbatar sun kammala.

Ranar da za ku koma, ki tafi da ledar magungunan nan da duk takardun gwajin farko, ki rubuta ranar da kowace alama ta fara. Ki tambayi likita a cikin ukun nan, jini ko hanta ko toshewa, wanne lambobin suka nuna, nawa ne INR ɗinsa, an yi sikanin ko ba a yi ba, ina za a samu gwajin A da E, kuma idan mako biyu suka ƙara wucewa lambobin ba su sauka ba, wurin wa zai tura ku. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunsa.